Ranar da Na Kira Surukina da Sunansa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da surukina ya ɓace mini a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba. Dattijo ne mutumin Damagaram, na taho da shi a yi masa aikin ido, ni kuma in sari takalma a kasuwar Zhanxi Lu. Da aka cire masa bandeji sai ya koma kamar yaro, komai yana son gani. A tashar jirgin ƙasa ya hango talla da Faransanci, wai an kawo hotunan tsofaffin sarakunan Faransa wani gidan tarihi. Ya ce sai mun je. Suruki kuwa ba a yi masa musu.

Hotunan ba na kyamara ba ne. A farantin tagulla aka sassaƙa su, aka shafa tawada, aka danna a takarda. Ni da na tashi da allo da alƙalamin kara, sirantar zanen ta tafi da hankalina: wani sarki da gashi har kafaɗa, sili-sili, ga takalmi mai tsini kamar na amare. Ina waiwayowa, babu Baba.

Fasfonsa da maganin sugansa da dabinonsa suna jakata, ba ya riƙe waya, tun safe kuma shayi kawai ya sha. Na shiga wannan ɗaki na fita wancan, na hau bene na sauko, sarakuna sai bina suke da ido. Duk mai gadin da na kwatanta wa gemu da rawani sai ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu. Me zan ce wa 'yarsa?

Daga ƙarshe aka kai ni wani ofis, wata mata ta turo mini lasifika. Na ce, "Baba, Baba, a fito bakin ƙofa." Shiru. Ashe 'ya'yan Sinawa ma haka suke kiran iyayensu, tun ɗazu kalmar ke yawo a gidan. Matar ta rubuta a waya, wayar ta fassara: faɗi sunansa. Sunan da ko a gaban matata ban taɓa furtawa ba, ɗana da ya ci sunan ma Abba muke ce masa. Ga shi an fara kashe fitilu. Na yi bisimilla, na runtse ido, na kira shi gatsal, har da sunan mahaifinsa, ginin duka ya amsa.

Ba a jima ba sai ga shi yana dogara sanda. Wani lungu ya samu, ya zauna gaban hoton wani sarki a gadon mutuwa. Na durƙusa na kasa ɗaga kai.

"Kai ne?" in ji shi. "Da na ji sunana daga sama, wallahi na ɗauka Mala'ikan mutuwa ne, har na fara kalmar shahada."

"A gafarce ni, Baba."

"Tashi, ɗana. Waɗancan sarakunan na ciki kowane yaro karanta sunansu yake, babu mai amsawa. Ni an kira na amsa, alhamdulillahi. Miƙo dabinon nan, jiri nake ji."

Ban sake furta sunan ba har Allah ya yi masa rasuwa. Amma a ranar na gane cewa kunya ado ce, amana kuwa wajibi, idan suka haɗu a ƙofa ɗaya sai kunya ta matsa amana ta wuce.