Ƙullin Igiyar Daeng Sunggu

Duk wanda ya taɓa zuwa hutu tsibirinmu na Bonelaya, in ka tambaye shi abin da ya fi tsaya masa a rai, ba zai ce farin yashi ko gasasshen kifi ba. Daeng Sunggu zai ce, kuma sai ya ja tsaki kafin ya faɗa. Ni maƙwabciyarta ce, taku biyar ne tsakanin matakalar gidana da tata, kuma shekara talatin ban taɓa ganin haƙoranta a waje ba sai in za ta tsinke zare.

Tsibirin namu, mai shan sigari in ya kunna a wannan bakin, kafin ya ƙare ya isa wancan. Gida arba'in da 'yan kai, masallaci ɗaya, rijiyar ruwan daɗi ɗaya. Sauran rijiyoyin duk zartsi ne, na wanki da wanke kifi. Ita wannan ɗayar a hannun Daeng Sunggu take, kamar yadda ta kasance a hannun uwarta. Ba a ja sai teku ta cika, ba a ja sai da guganta, kuma igiyar gugan tana da ƙulli. Da zarar ƙullin ya taɓa bakin rijiya, ka tsaya ke nan, ko guga ya cika ko bai cika ba. Takan ce ruwan daɗi a kan na gishiri yake kwance kamar mai a kan miya: mai hankali ya kwashi na sama, wawa ya luma ludayi.

Tana da ɗan ƙani, Rustam, ita ta goye shi bayan uwarsa ta rasu. Ya yi shekaru yana aiki a wani otal a Makassar, ya dawo ya gina ɗakuna huɗu a bakin ruwa, ya fara kwaso masu yawon buɗe ido a kwale-kwalensa. Tun ranar farko ta tsane su. Duk jirgin da ya iso, tana tsaye a kan gadar katako da moɗa a hannu, kafin su sauke jaka ta fara.

"Ku saurara, ba na maimaitawa. Wanka a teku, ga ta nan, ba ta ƙarewa. In kun fito, moɗa uku ta ɗauraya, ba huɗu ba. Ruwan sha in ba ku taho da shi ba, ku tambayi wanda ya gayyato ku. Wanda ya shiga ruwa ba takalmi ƙayar teku ta soke shi, babu likita a nan, daddaka wurin za mu yi da dutse mu matsa lemun tsami yana ihu. Kai mai jan wuya, kada in ga shimfiɗarka a gindin kwakwa, in za ta faɗo ba ta duba fasfo. Ke kuma ki nemi zani kafin ki wuce ta gaban masallaci."

Daga nan sai ta gaya musu duk ledar da suka zo da ita su koma da abarsu, kuma kada wani ya zo yana nuna mata tikitin jirgin sama ran da iska ta hana kwale-kwale tashi. In Turawa ne, Rustam yakan yi murmushi ya fassara musu cewa gwaggonsa tana yi musu barka da zuwa. To amma 'yan Jakarta suna jin komai, kuma suna komawa su rubuta a waya cewa tsibirin aljanna ne, sai dai babu ruwan wanka, ga wata tsohuwa mai baƙin rai. Ya kai mata wayar har gida ya karanta mata. Ta ce ya gaya musu ta gode, su ƙara da cewa tana cizo.

Ana haka yanar idonta ta yi tsanani, 'yarta ta zo ta tafi da ita Makassar a yi mata aiki. Kwana tara za ta yi. Ta miƙo mini gugan da igiyar, ta ce kada in ba kowa, ko da liman ne.

Kwana biyu da tafiyarta Rustam ya sauke injin jan ruwa da dogon bututu. Na fito na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya ce, "Inna, a birni har ƙasa ake kai bututu, can ruwa mai kyau yake. Gwaggo camfinta ya yi yawa. Ke ba ki gaji da jiran teku ba?"

To, ba zan yi muku ƙarya ba, na gaji. Duk mun gaji. Ya zura bututun har sai da ya taɓa ƙasa, ya tayar da inji, ruwa ya yi ta bulbulowa tun hantsi har la'asar. Baƙinsa suka yi wanka da sabulu sau uku a yini. Mu ma muka cika duk wani abu mai baki, har da tukwanen da ba mu taɓa dafa komai a ciki ba. Na rataye gugan a ƙusa na manta da shi.

A kwana na shida shayi ya fara wani ɗanɗano. Mijina ya ce sukarin ne. Kashegari sabulu ya ƙi kumfa. Kowa ya gane gishiri ya shiga rijiyar, Rustam ya kashe injin ya ɓoye shi a ƙarƙashin ɗakunansa.

Ta dawo da bandeji a ido ɗaya. Ko zama ba ta yi ba ta ce in kawo mata ruwan gida, na birni ya ishe ta. Na ɗebo na miƙa mata. Ta kurɓa, ta tofar a gabana, ta dube ni da idon da ya rage. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta karɓi moɗar ta cika ta, ta nufi wurin Rustam, mu kuma muka bi ta a baya kamar masu rakiyar gawa.

Yana tsaye yana zuba wa baƙi soyayyiyar ayaba. Ta miƙa masa moɗar.

"Sha."

Ya kurɓa ya yamutsa fuska. Ya ce, "Gwaggo, ruwan daɗin zai dawo. In an bar shi kwana biyu zai dawo."

"Shanye. Da ruwan rijiyar nan na dama maka kunu ran da aka binne uwarka, ba ka bar ko ɗigo ba. Shanye, babban injiniya."

Ya shanye a gaban baƙinsa. Wani daga cikinsu ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, ta ce in ya kuskura wayar za ta koyi iyo. Ta gaya musu jirgi zai tashi da azahar, kuma da su zai tashi.

A ranar ta sa aka rufe bakin rijiyar da katako aka buga ƙusa. Saura wata huɗu iskar yamma ta kawo damina. Wata huɗun nan kwale-kwalen Rustam bai ɗauki baƙo ko ɗaya ba, sai jarkokin ruwan sha, awa biyu zuwa awa biyu dawowa, kullum. Ranar da teku ta ƙi, mu sha ruwan kwakwa mu dafa shinkafa da zartsi. Gida biyu masu jarirai suka koma wurin dangi a Makassar, ɗaya har yau ba su dawo ba. Ni kuwa in na gaishe ta, sai ta juya mini ɓangaren bandejin, har bayan an cire shi.

Sai da aka yi sati shida ana ruwa sannan ta sa aka ɓamɓare katakon. Ta jira teku ta cika, ta ja guga ɗaya, ta kurɓa ta riƙe a baki har muka ƙosa, sannan ta haɗiye. Ba ta ce ya yi daɗi ba, don bai kai na da ba. Ta zauna ta kwance ƙullin da uwarta ta yi, ta sake ɗaure shi kusa da gugan da tafin hannu biyu. Rustam ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ki yafe mini." Ta ce ya matsa, ya tare mata haske.

Yanzu ɗakunan sun sake buɗewa, kuma tana nan a kan gadar da moɗarta, idonta ya fi da gani. In kun zo, ku taho da ruwan shanku da takalmin shiga teku. Za ta ce muku moɗa biyu. Kada ku tambaye ta ina ta ukun ta tafi, don wanda ya shanye ta shi ne yake riƙe da jakarku.