Shekarar da Iƙamata Ta Tsare Raga

Shekara goma sha ɗaya ina tsaron ragar ƙungiyar unguwarmu a Jidda, ban taɓa zaton zan tsani wani mutum don kawai ya iya kama ƙwallo ba. Ashe zan iya.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Mu ne dai 'ya'yan Hausawan da aka haifa a nan, direbobi da masu gadi da masu gyaran esi. Ni direba ne a gidan wasu Larabawa a Abhur. Mai ƙungiyar wani dattijo ne, abokin mahaifina, mai shagon kayan esi a Bagdadiyya, kowa Baffa yake ce masa. Shi ke sayen riguna, shi ke biyan kuɗin fili, shi ke ba kowa ɗan abin da muke kira kuɗin mai bayan wasa. Bai taka kara ya karya ba, amma ba daidai ake rabawa ba, nan kuwa rigimar take. Nawa ya fi na kowa in ban da na mai ci mana ƙwallo, kuma ko a tafiyata za ka gane na san da haka.

In zafi ya shigo, wasa yakan tsaya wata uku ko huɗu, don babu mai hankalin da zai yi gudu a Jidda a lokacin. Wannan hutun shi ne lokacin Baffa. Yakan zauna a shago da takarda da biro, ya soke wannan, ya rage wa wancan, ya ƙara wa wani. Abin da ya ware wa ƙwallo ba ya ƙaruwa, don haka duk wanda zai shigo, daga bakin wani za a ciro masa. A watannin nan 'yan wasa kan zama masu zumunci. Wanda bai taɓa leƙa shagon ba sai ga shi da la'asar riƙe da ledar mangwaro, wai hanya ce ta biyo da shi. Ni ban taɓa zuwa ba. Wa zai soke gola?

A hutun waccan shekarar aka kewaye tsohon filinmu za a yi gini. Baffa ya sa mu a wata gasa can unguwar Safa, inda babu wanda ya san mu. Filinsu mai ciyawa ne, har da lasifika, kuma sharaɗinsu kowane ɗan wasa ya kawo fotokwafin iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar. Da jin haka Baffa ya ɗauki biro da zafinsa, ya sallami 'yan baya biyu da muka taso tare. Na ji labari na ce Allah ya kyauta, ban ko shafa wa gemuna ruwa ba.

Wata Juma'a da zafi ya fara sassautawa muka fito atisaye, sai ga Baffa da wani dogon mutum sanye da silifas. Daga Katsina ya zo umra ya zauna, yana dako a kasuwar kayan lambu.

"Ga ɗan'uwanku na kawo muku," in ji Baffa. "Haris ne, wato gola, ya tsare raga a gida. Yalla, ku gwada shi."

Mutumin ya zo ya ɗan rusuna, ya ce, "Yaya, ina wuni. Ko za a taimaka min da aron safar hannu?" Na zaɓo tsohuwar da tafinta ya siɗe na miƙa masa.

Abin da na gani ranar nan har yau yana cina. Ƙwallon da ni zan bi da ido in juya in zagi 'yan baya, shi sai ya tashi sama ya ɗauko ta kamar mai sauke kwano daga kanta. In an bugo kwana ya daka tsawa, "Kipa!" kowa ya ba shi hanya. Abokaina, mutanen da muka ci kwano ɗaya tun muna yara, suka dinga tafi suna mashallah. Ni ma na tafa, amma hannuna ne kawai ya tafa. Kishi ne, ba zan sa masa wani suna ba. Duk hanyar Abhur ina tuƙi ina bin kamunsa ɗaya bayan ɗaya ina neman aibu, abin da na samo kawai shi ne kunnuwansa sun cika faɗi.

Da ma a ce mai girman kai ne, da na samu abin riƙewa. Mako na zagayowa ya dawo min da safar a wanke, a naɗe cikin leda. Wannan ladabin ya fi komai ƙona min rai.

Sannan na ji cewa ba shi da iƙama. Wallahi ranar har waƙa na yi a mota. Takardar da nake ta ƙorafin wahalar sabunta ta, ranar na ciro ta na dube ta da ƙauna. Washegari, ni da kaina, na sayi mangwaro na nufi Bagdadiyya.

"Baffa," na ce, bayan mun gaisa, "mutumin nan ya iya, mashallah. Bas, tausayinsa kawai nake ji. Ka san mutanen Safa sai da iƙama, shi kuma miskin ba shi da komai."

Baffa ya yi ajiyar zuciya. "Sahih, ya waladi. Na juya abin nan na rasa mafita. Yau ma nake shirin kiransa in ce ya yi haƙuri."

Da na tashi a nan, da magana ta ƙare. Amma daɗi ya ɗebe ni, na ƙara da cewa, "Ai takarda ita ce mutum a garin nan. Ni tawa tun tuni na kawo maka."

Ya ƙare min kallo tun daga kai har ƙafa. Ya ja durowa ya zaro fotokwafin nawa, ya ɗaga shi saitin fitila. Injin ya cinye fuskar gaba ɗaya, baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai farin ido da wuyan riga. Baffa ya fashe da dariya har da buga tebur.

"Wannan ai kowa ne!" ya ce. "Kuma tsayinku ɗaya."

Baki shi ke yanka wuya. Nan take ya tsara komai: sunana zai zauna a lamba ɗaya, kuɗin maina ba za a taɓa ba, shi mutumin zai shiga raga da sunana, a ba shi wani abu daga kason 'yan bayan da aka sallama.

"In na ƙi fa, Baffa?"

"In ka ƙi, halas, shi ke nan, sai in nemi takardar wani dogon. Kai kuma ka huta."

Na yarda. Na gaya wa kaina cewa kunyar abokin mahaifina ce ta sa, amma gaskiyar ita ce ba zan iya ganin jerin sunayen nan babu nawa ba. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin kai tsegumi wurin masu gasar. Kalma ɗaya ta isa, ƙila ma har ta kai shi jirgin gida. Abin da ya hana ni ba kirki ba ne. Na san in ta fito, babu gidan Bahaushe a Jidda da zan sake shiga in zauna, har gidan mahaifiyata.

Ana saura kwana biyu a fara gasa aka turo mutumin wurina in koya masa ni. Muka zauna a mota ina faɗa yana maimaitawa: sunana, sunan mahaifina, na kakana, shekarar haihuwata, sunan kafilina, wato Balaraben da ya tsaya min a iƙama. Sau biyu kawai na faɗa ya riƙe tsaf. Har wannan ma sai da na ji haushinsa.

Ranar wasan farko Baffa ya ce kada in sa riga, kada in zauna a benci, tunda ai ina cikin fili. Na hau cikin 'yan kallo na zauna kusa da wani Basudane mai cin gyaɗa. Muna gaba da ci ɗaya, saura kaɗan a tashi, alƙali ya ba abokan karawarmu fenariti. Ina zaune ina addu'a a zuciyata, kuma Allah ya sani ba ƙungiyata nake yi wa ba.

Mutumin ya faɗi hagu, ya kama ƙwallon da hannu biyu, ko tsalle ba ta yi ba.

Mai lasifika ya duba takardarsa ya kwarara sunana, cikakke, har da na mahaifina. Fili ya ɗauka. Yara suna bugun allon talla suna rera shi. Shekara goma sha ɗaya ina cin ƙasa a raga, lasifika ba ta taɓa kiran sunan nan ba sai ranar da nake zaune da jallabiya. Basudanen ya dafa kafaɗata yana ihu, ya ce, "Ya zol, ka san shi?" Na ce na ɗan san shi.

Da aka tashi Baffa ya same ni a wurin ajiye motoci ya cusa min ambulan, na kuwa ga ta fi wadda ya ba mai kamun kauri. Ina ƙoƙarin tada mota in gudu sai ga mutumin ya taho da sauri, gumi na zuba, gwiwarsa ta goge tana jini. Ya sunkuyo ta taga, fuskarsa cike da murna da fargaba.

"Yaya," ya ce, "ban dai zubar maka da suna ba ko?"

Na ce masa a'a, bai zubar ba. Ya yi ta godiya.