Yadda Na Zama Mai Gadin Ƙofar Matata

Karatuna aji huɗu ne, daga nan aka ja ni Kasuwar Shanu. Amma aji huɗu na zamaninmu ba wasa ba ne, don haka abin da zan faɗa kan likitanci a saurare shi da natsuwa.

A shekarun da hanyoyi suka lalace, 'yan uwa suka baro ƙauyuka suka cika mana gida a Maisandari, matata Hajiya ta sami shanyewar ɓarin jiki. Allah ya sa ƙafa ta dawo, baki ya daidaita, hannun hagu ma ya ɗan farfaɗo. Gajiya ce ta ƙi tafiya. Ba irin tawa ba, wadda shayi kofi biyu ke kora. Kafin azahar sai ka ga cokali ma ya yi mata nauyi.

Ga bikin autarmu saura wata biyu. Yayyenta uku duk Hajiya ce ta haɗa musu turaren wuta da hannunta. "Ita ce za a saya wa na kasuwa?" Ta faɗi haka ta juya fuska bango.

Autar tana karatun aikin jinya. Ita ta samo wani shiri a intanet na masu irin wannan gajiya, darasi ɗaya kowane mako, mutum ya koyi lallaɓa kansa a gida. Lantarki kuwa a lokacin sai labari. A kai waya caji, a dawo, ta karanta Turancin ta juya mana. Ni na zauna a matsayin mai sa ido.

Darasin farko ya ce a raba aiki, a huta tun kafin a gaji.

Na ce, "Wannan ai korar shanu ce. Wane mai hankali zai jira saniya ta durƙushe sannan ya nemi inuwa?"

"Baba, Mama ce saniyar?"

Hajiya ta ce, "Ƙyale shi. Shekara arba'in da shanu yake kwatanta ni. A wajensa yabo ne."

Darasi na biyu ya ce a lura mako guda, me ya fi cin ƙarfinta. Ni na rantse tsayuwa ce kan tukunya. Da makon ya cika, autar ta duba takardarta ta ce, "Baba, gaisuwa ce."

Duk wanda ya zo dubiya sai Hajiya ta tashi zaune, ta gyara mayafi, a yi wushe wushe irin gaisuwar Barebari, a tambayi gida, a tambayi yara, wa ya fito daga ƙauye, wa har yanzu ba labarinsa. Mutum goma kafin hantsi ya ɗaga. Abin kunyar, ni ne mai tura su. "Ku shiga ku ɗebe mata kewa." Ina ganin magani nake ba ta.

Washegari na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, na ajiye butar shayi. Duk wanda ya zo in ce, "Hajiya tana makaranta. Kawo gaisuwar nan, zan isar." Na sha harara, na sha gaisuwa har muryata ta dushe.

Rannan sai ga yayar Hajiya daga Dusuman, tsohuwar da ko sojojin shinge ba sa tsayar da ita.

"Kai mai shanu, wace makaranta da furfura?"

"Yaya, doka ce. Daga waya ta zo."

"Wayar ce ta goye ta, ko ni?"

Ta tsallake butata ta shige. Na bi bayanta. Hajiya ta dafa katifa za ta tashi, kamar yadda ta saba tun tana yarinya. Sai ta fasa. Ta mayar da kanta kan matashi.

"Yaya, ki yafe mini, yau a kwance zan gaishe ki. Ɗan ƙarfin nan na turaren yarinya ne."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta. Ta zauna bakin gado, ta ja mata mayafi ya rufe ƙafa, ba ta tambayi labarin kowa ba. Can ta fito ta ce in matsa. Daga ranar ta ƙwace mini aiki, kuma ta fi ni rashin tausayi nesa ba kusa ba. Har ni sai da izini.

Safiya biyar aka yi ana haɗa turaren, a zaune, kasko a gabanta. Ran farko tsince icen sandal kawai ta yi ta kwanta. Ran da aka narka sukari, autar ce ta riƙe agogo, uwar na juyawa tana mita an tsayar da ita tana cikin daɗin aiki. Ba wanda ya taɓa muciyar sai Hajiya.

A safiya ta biyar ta cika kwalabe. Murfin na ƙarshe ya ƙi hannun hagu sau biyu. Na miƙa hannu, yayar ta make ni. A karo na uku ya rufu. Hajiya ta tura wa autar kwalbar ta ce, "Kaɗan ake zubawa a garwashi, ke da ɓarna."

Yarinya ta rungume kwalba. Uwar kuwa ta yi barci har la'asar, gida mai mutum kusan talatin kowa yana raɗa.