Ta tafi ta bar su a sunkuye

Wata rana, a wata kwalejin horar da malamai, aka damƙa wa wani ɗalibi ɗan aji biyu mai suna Filibus jagorancin ƙaramin rukunin nazarin Littafi Mai Tsarki.

Yaro ne mai himma. Himmar ma har ta yi masa yawa.

Duk Alhamis da yamma suke haɗuwa ƙarƙashin wani mangwaro a bayan ɗakin karatu. A yi waƙa, a karanta nassi, a tattauna, a rufe da addu'a.

To, a wurin rufewar nan Filibus yake da salonsa. A cocin garinsu ya koya wurin dattawa: ba a gaya maka tun da wuri, sai an sunkuyar da kai kawai ka ji an kira sunanka ka yi addu'ar. A ganinsa haka ake cire wa mutum kunya.

Kuma ya riga ya hango mai kunyar.

Keziya, 'yar aji ɗaya. Kullum ita ce farkon zuwa. Ta zauna can gefe, ba ta waƙa, ba ta tambaya, amma ba ta fashi.

Filibus ya ƙudura a ransa cewa kafin zangon karatu ya ƙare sai ya buɗe bakin yarinyar nan. Har wani daɗi yake ji, wai shi ya samu aikin Ubangiji.

Ran da ya fara kiran sunanta, ta miƙe, ta biya Addu'ar Ubangiji da sauri kamar mai ba da hadda, ta zauna. Ya ce a ransa, yauwa, an kama hanya.

Mako na gaba ya sake kiranta. Ya ƙara da cewa yau kam daga zuciya ake so.

Kowa ya sunkuya, ya rufe ido.

Shiru.

Wani ya yi tari. Wata ta ce amin a hankali don ta ƙarfafa mata gwiwa.

Shiru dai.

Filibus yana ta danne kansa, ai shugaba ba ya leƙe ana cikin addu'a. Da abin ya ishe shi, ya buɗe ido.

Babu Keziya. Ta yi tafiyarta tuntuni, ta bar mutane a sunkuye suna jira.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, don gani ya yi ta kunyata shi a gaban jama'arsa.

Alhamis ta zagayo, ba ta zo ba. Wata ta sake zagayowa, haka nan. Sai ya zauna ya haddace ayoyi a kan biyayya, ya fita nemanta. Ya same ta a layin famfo kusa da masaukin 'yan mata, da bokiti a hannu.

"'Yar'uwa Keziya, addu'a ce fa, ba jarrabawa ba. Mene ne abin gudu?"

"Shugaba, yayana ya rasu a hutun da ya wuce. Na roƙi Allah ya tashe shi daga ciwon, bai tashi ba. Tun daga nan na kasa ce wa Allah komai. Ina zuwa ne in ji ku kuna yi masa magana, tunda ni na kasa. Wurin nan kaɗai ya rage mini."

Ayoyin da ya haddace, ko ɗaya ba ta fito ba.

Ya yi mata gaisuwar rashi, ya ba ta haƙuri, ya yi alkawarin ba zai ƙara kiran sunanta ba. Ta ce ba komai. Layi ya zo kanta, ta tara bokitinta.

Daga ranar Filibus ya canja. Kafin a fara taro sai ya ja mutum gefe, ya tambaye shi ko zai iya rufewa.

Wanda ya fara tambaya shi ne Barnaba, gwanin addu'ar rukunin, wanda in ya ɗauka har cikin ɗakin karatu ana jiyo shi. Barnaba ya kalli ƙasa, ya ce don Allah a ɗaga masa yau, akwai abin da ke cin ransa.

Ashe ba Keziya kaɗai ba ce.

Rukunin ya ci gaba, har ya ƙaru. Mutane suka fara faɗin abin da ke damunsu ba tare da an matsa musu ba.

Keziya kuwa ba ta dawo ba.

In sun haɗu a hanya takan gaishe shi da fara'a, ta wuce. Har ya gama makaranta bai sake ganinta a wani taron addu'a ba. Bai san ko ta sake iya yi wa Allah magana ba, kuma abin bai daina damunsa ba.

Darasi: Ba duk mai shiru ne ke jin kunya ba. Wani da ƙyar ya kawo kansa, zaman ne kaɗai abin da zai iya. In aka ba ka mutane ka jagoranta, ka san abin da suke ɗauke da shi kafin ka ɗora musu wani. Kyakkyawar niyyarka ba ta hana ka korar mutum.

Ka tura wa wanda ka san yana jagorantar wasu, tun kafin taronsu na gaba.