Zanen Gadon da Ya Yi Fumfuna

Shekara ashirin da biyu muka yi muna wanki da guga a otal ɗaya, ni da ita. Tsaye muke ce mata, don ko abinci a tsaye take ci, hannu ɗaya a kwano, ɗaya yana juya tawul. Duk kayan da damina ta ɓata wurinta ake kaiwa. Sai ta fita da su waje ta kakkaɓe da burushi, ta matse lemun tsami, ta barbaɗa gishiri, ta shimfiɗa a rana. Gobe ta sake, jibi ta sake. Wanda ya kusanto da dutsen guga kuwa ya sha faɗa, ta ce zafi zaunar da tabo yake yi.

Bara ciwon ƙirji ya kwantar da ita. A kwancen ta tuna da zanen gadon lilin da mahaifiyarta ta yi wa furanni da allura, wanda take son ba 'yarta da hannunta. Na jawo akwatin da yake ciki daga ƙarƙashin gado. Ashe bangon yana tsatsafar da ruwa. Zanen ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, sai wari.

Ta ce sai ta gan shi fari. Ni na ji likita ya faɗa wa 'yar cewa ciwon ba na tashi ba ne, ita Tsaye ma ta gane.

Ta sa aka juya gadonta ya fuskanci taga, daga nan take ba ni umarni. Gishirin ya yi kaɗan. Na murza da ƙarfi kamar mai wankin buhu. In janyo shi, inuwa ta cim masa. Har cewa ta yi shekara ashirin ina gefenta ban koyi komai ba sai surutu. Hadari na haɗowa in kwashe da gudu, rana na leƙowa in mayar. Kwana tara, tabon ya dusashe, amma gefe guda ya ƙi.

Ita kuma kullum raguwa take. Na kasa zama, na kasa cin abinci. Rana ta goma na zagaya bayan ɗaki na ɗiga bilic a wurin, abin da ta hana ni tun muna 'yan mata. Ya yi fari tas. Ina ɗauraya, zaren ya narke a yatsuna, huji ya buɗe kamar bakin kofi.

Na ninke shi ta yadda ba za ta gani ba. Ta karɓa, ba ta ko buɗe ba, ta kai hanci.

"Ƙawata, bilic kika sa."

Na fashe da kuka. Ta warware zanen, ta leƙo ni ta hujin da ido ɗaya, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"To, fumfunar dai ta fita. Miƙo allura."

Hannunta bai iya riƙewa ba. Ni na cike hujin, tana nuna min inda zan soka, tana mitar ɗinkina ya karkace. Da yamma ta kira 'yar ta ɗora mata shi a cinya, ta ce furannin na kakarta ne, facin kuma nawa ne, ni Innarta, kada ta kuskura ta warware.

Kwana huɗu bayan nan ta rasu. Allah ya jiƙanki, 'yar uwata. Har yau in na wuce bayan ɗakin nan, sauri nake yi.