Goggon da Ta Hana a Hallaka Gauraki

Kafin a buɗe wa 'yan kallo ƙofar gidan namun daji, Goggo Likita ta riga ta zagaye kejin kowace dabba. Shimfiɗar dabba take fara dubawa: ta duƙa ta damƙo ciyawa, ta murza, ta sunsuna. Daga nan sai ɗan ɗakin gwajinta, inda take ɗora ɓawon fatar biri ko gashin zaki a kan gilashi, ta kafa ido a madubin da ke ƙara girman abu. Aikinta ke nan shekara da shekaru, gano cututtukan fumfuna a jikin majinyatan da ba sa iya cewa ga inda ke yi musu ciwo.

Har gida aikin yake bin ta. Ta taɓa kwaso makero daga wani ɗan zaki, ya fito mata a wuya. Maigidanta ya ce, "Matan mutane na dawowa da tsaraba, ke kuma hatimin zaki kika kawo mana." Ta yi dariya, amma sai da ta daina goya autarta har ta warke, yarinyar na bin ta da kuka.

Abin da ma'aikata ba sa mantawa shi ne shekarar da gauraki suka fara mutuwa. Tsuntsu zai buɗe baki yana haki, ya ƙi ci, ya faɗi. Kowa ya ɗauka murar tsuntsaye ce. Manaja ya kira ta, hankalinsa a tashe.

"Likita, akwai jiminu, akwai ɗawisu, ga ma'aikata. Gara a hallaka gaurakin nan a ceci sauran."

"Ranka ya daɗe, tsoronka a kan hanya yake. A killace su, a rufe sashen. Amma na buɗe huhun wanda ya mutu, abin da na gani bai yi kama da mura ba. Ka ba ni lokaci gwaji ya nuna."

Ya amince da ƙyar. Fumfuna kuwa ba ta san sauri ba. Kullum Goggo sai ta leƙa faifan gwajin da ta zuba abin da ta ɗebo daga huhun don ta ga ko fumfuna za ta tsiro, kullum mai kula da tsuntsaye sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Goggo, wani ya sake tafiya." Abinci ya daina shiga bakinta, don ta san in ta yi kuskure, alhakin duk tsuntsayen gidan yana wuyanta. Ranar da kore-kore ya tsiro a faifan, sakamakon gwajin mura ma ya dawo babu komai. Aka bi sawu har rumbun ciyawar da ake shimfiɗa wa gaurakin, aka tarar rufi na yoyo, ciyawar ta ruɓe daga ƙasa. Aka ƙone ta, aka fara magani. Fiye da rabin gaurakin suka rayu. Da aka yi mata barka, cewa ta yi, "Da ma na leƙa rumbun nan tun farko."

Goggo, ke ce mai haƙurin jiran gaskiya lokacin da kowa ke sauri. Yanzu ido ya gaji, kin ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu tasowa, ku koyi dubawa kafin ku yanke hukunci. Gobe yara za su tsaya suna tafa wa gauraki masu rawa, ba wanda zai san sunanki a cikinsu. Mu mun sani.