Na Kai Kakata Awon Hauya a Madarunfa

Litinin: Maraɗi zuwa Safo

Ƙarfe biyar da rabi, ana fitowa daga sallar asuba, na rataya jakata na bar gida a Maraɗi. A jakar akwai riga ɗaya, da kaye, wato littafin rubutu, da bik, da metir ɗin awo mai naɗewa wanda nake koya wa 'yan lakkol lissafi da shi. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli, har nakan zana hauya da gatari da lauje a allo in ce yara su faɗi amfaninsu. Don haka da kakata Tabawa ta sa aka kira ni a waya ta ce hauya take so, sai na ce ai wannan aikin yini guda ne. Allah Sarki, ni!

Mai kabu-kabu ya nemi dala ɗari biyu zuwa Safo, muka daidaita a ɗari da hamsin. An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo, shi kuwa yana tuƙi yana yi mani mitar tsadar isansi, wato man fetur, kamar ni na sa masa kuɗi. Bakwai saura kwata muka isa. Daga Safo zuwa ƙauyenmu tafiyar ƙasa ce ta minti arba'in, cikin gonakin hatsi da suka kai gwiwa.

Na iske Kaka a ƙofar ɗakinta, fuska a murtuke.

"Maigida, ka zo? Da ma na ce in kana da rai ba a wulaƙanta matarka."

"Wa ya taɓa mani tsohuwa?"

"Baffanka!"

Ga abin da ya faru. Kaka tana da gamana, ɗan filin da mace ke nomawa don kanta, ban da gandun gida. Tun ba a haifi mahaifina ba take shuka gujiya da kuɓewa da yakuwa a ciki, da ita take sayen gishirinta da goronta ba ta roƙi kowa ba. Da rani aka yi kuskure, aka haɗa tsohuwar hauyarta da tarkace aka ba masu sayen ƙarfe. Da damina ta faɗi ta ari ta Baffa Sanda, ta yi layi biyu bayanta ya riƙe, ta kwana uku a kwance. Shi ne Baffa ya yanke: in Juma'a ta yi haki yana nan, zai sa a nome gamanar a haɗe ta da gandu, Inna ta huta.

"Lawali, uwata ce fa," in ji Baffa da ya fito ya same mu. "Ba ka ga yadda muka ɗauko ta daga gona ba. Ga haki ya kusa shanye gujiyar."

"Huta?" Kaka ta ɗaga murya. "In zamna ina miƙa hannu ana zuba mani gishiri? Ba tsufa ya kada ni ba, hauyar ƙato ce! A tafi Madarunfa wurin Nomau maƙeri, shi ya ƙera mani waccan."

Na zaro metir, na sa ta miƙe, na auna tsawonta, metir ɗaya da santimetir arba'in da takwas. Na auna hannu, na auna kafaɗa, na rubuta a kaye. Matan gida suna ta ƙyaƙyata dariya, ita kuwa ta harare ni ta ce, "Hauya na ce, ko likkafani za ka ɗinko mani?"

Litinin da rana: Madarunfa

Na koma Safo na sami wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, na hau bisa buhunan taki, dala ɗari. Sha biyu da rabi muka shiga Madarunfa. Ban sha wuyar nema ba, ƙarar dukan ƙarfe ce ta kai ni wata rumfa a bayan kasuwa. Malam Nomau dattijo ne siriri mai furfura, amma damatsansa sun fi nawa biyu.

Na gaishe shi, na buɗe kaye na karanta masa awon nan tiryan-tiryan. Ya saurara har na gama.

"To madalla, Mushe. Ciwon bayan nata santimetir nawa ne?"

Mutanen rumfa suka tuntsire da dariya. Raina ya ɓaci, amma na daure.

"A tsaye ka auna ta, hauya kuwa a duƙe ake aiki da ita," in ji shi. "Wane hannu take sawa gaba? Janyowa take yi ko sara? Ina take tsayawa in ta duƙa?"

Ko ɗaya ban sani ba. Shekara talatin da biyar ina cin gujiyar matar nan, ban taɓa tsayawa na dubi yadda take noma ta ba. Don in fita kunya sai na ce to a yi mata hauyar tsaye, irin mai doguwar ƙota da mutanen arewa ke turawa ba duƙawa.

"Waccan ta jigawa ce, inda rairayi ke da taushi. Ƙasarku ta kusa da gulbi tana da nauyi, bisa za ta riƙa zamewa ta bar saiwar haki. Ga hauyoyi can a jere, in ta kasuwa kake so ɗauki ɗaya. In ta Tabawa kake so, kawo mai ita."

"Baba, tsohuwa ce fa, ga ciwon baya!"

"Shi nake son gani."

Na fita ina ƙunƙuni. Yini guda ya tafi a banza, ga Juma'a tana matsowa. Na sauka gidan wani abokin aikina da ke koyarwa a garin. Da la'asar ya kai ni bakin tabki, masunta na fitowa da jirage, muka sayi karfasa ta dala tamanin matarsa ta soya mana da yaji. Wallahi kifin nan shi ya sauko mani da zuciya.

Talata: a amalanke

Ƙarfe shida na hau moto, wato babur, bakwai da 'yan mintoci ina ƙauye. Da na gaya wa Kaka saƙon maƙeri ko mamaki ba ta yi ba.

"Ai na sani. Na bar ka ne ka je ka gwada bokonka."

Moto kuwa ta ce atafau ba ta hawa. "In ɗare bayan ƙato in rungume shi, mijina na kallo?" Sai maƙwabcinmu Bulus ya ɗaura wa jakinsa amalanken da yake kai iyalinsa coci da shi ran Lahadi. Muka shimfiɗa katifa, muka kafa laima, Kaka ta ɗaura kallabin biki ta hakimce. Takwas da kwata muka tashi.

Tafiyar da moto ya yi cikin sa'a guda, jaki ya yi ta cikin uku da rabi. Amma ban gaji ba, don babu gonar da muka wuce Kaka ba ta yanke mata hukunci ba. Wannan raggo ne, wancan ya cika iri, waccan mai ita tana da hannu. Bulus yana tsokanarta, "Iya, a naɗa ki malamar gona mana." Ta ce, "Albashin nawa ne?"

A shingen shiga gari jandarma ya duba katina da na Bulus, ya leƙa ƙarƙashin laima.

"Iya, asibiti za a kai ki?"

"Asibitin mi? Awon hauya za ni."

Ya riƙe ciki yana dariya, ya ɗaga mana igiya da kansa.

Talata da rana: maƙera

Tsofaffin nan biyu suka gaisa, suka lissafa waɗanda suka mutu, sannan Malam Nomau ya kama tafin hannunta yana duba inda kanta ta fito. Ya ɗauko hauya uku, ya kai ta wani fili mai haki a gefen rumfa, ya ce ta yi noma. Shi kuwa ya tsuguna yana kallo. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: kakata hannun hagu take sawa gaba, janyowa take yi a hankali ba sara ba, kuma in ta duƙa rabin hanya take tsayawa, daga nan sai ta cije leɓe.

"Tsaya nan!" in ji shi. Ya ɗauki karan dawa ya kafa a ƙasa, ya karya shi daidai inda hannunta ya tsaya kafin ciwon ya taɓa ta. Awon ke nan.

Zuga-zuginsa na zamani ne, ƙafar keke ce ake juyawa tana hura iska. Ya dube ni ya ce, "Mushe, hannunka ba ya komai." Na zauna ina juyawa, gawayi ya yi jajur. Ya zaɓi guntun ƙarfen tsohuwar mota, ya kama da awartaki ya tura wuta. Da ya yi ja sai ya ɗora bisa uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake duka a kai, ya shiga yi masa luguden masaba. Yana duka yana yi mani karatu. Awartaki don riƙo ne, kada ka taɓa duka da shi. Masaba babba ta shimfiɗa ƙarfe, ƙarama ta gyara baki. Ƙarfe kuma launinsa ake kallo, in ya fara duhu ka mayar da shi wuta, in ka matsa masa ya tsage.

"Juya mana! Ka ga wutar na barci!"

Kaka daga kan katifa ta ce, "Haƙuri za ka yi, Nomau, alli ya fi sabawa da shi."

Ƙarfen ya fito ɗan ƙarami, marar nauyi, bakinsa ya ɗan karkata don mai hagu. Ya goge shi da magagari, ya tsoma a ruwa ya yi cuu. Sannan ya ɗauko icen marke, ya sassaƙe da gizago daidai tsawon karan nan, ya fi ƙotar da aka saba da kusan taƙi guda, ya rage kaurin wurin riƙo har yatsunta suka zagaye shi. Ya gasa tsinin ƙarfen ya huda kan ƙotar da shi, hayaƙi ya tashi, ya zauna daram. Dala ɗari huɗu ya karɓa.

Kaka ta gwada. Ta ja sau ɗaya, sau biyu, sau goma, ba ta cije leɓe ba. Ta ɗago ta ce, "Yauwa. Wagga ta san ni." Ni kuwa tafin hannuna ya yi bororo biyu. Mun iso ƙauye ana kiran magariba.

Laraba zuwa Juma'a: gamana

Laraba da Alhamis tun da sanyin safiya take fita, hantsi ya yi zafi ta huta gindin aduwar da ke tsakiyar gamana, la'asar ta koma. Na ce in taya ta, ta ce in na kusanci gujiyarta sai ta sare mani ƙafa. Aikina ɗaukar goran ruwa. Bayanta bai riƙe ba, amma ina gani numfashinta ba na da ba ne. Da yammacin Alhamis ta kai gindin aduwa, rabi ke nan cif. Sauran rabin haki ya yi masa kore shar. Gaskiya hankalina ya tashi, tausayinta ya kama ni.

Juma'a ƙarfe bakwai Baffa ya zo da hauyarsa a kafaɗa, matarsa Hadiza tana biye da shi da fura. Ya bi layukan da aka nome ɗaya bayan ɗaya. Tas, ko gindin gujiya ɗaya ba a yanke ba. Ya dubi sauran rabin, ya dubi uwarsa, ya buɗe baki zai yi magana.

Kaka ba ta jira shi ba. Ta kafa bakin hauyarta a gindin aduwa, ta ja layi tana tafiya da baya har iyakar gona.

"Sanda, daga nan zuwa gabas nawa ne, shi ƙarfina ya kai. Daga nan zuwa yamma na ba Hadiza, gamanarta ce, ba gandu ba. Ka ji da kyau, ba karɓa aka yi ba, ni na ba."

Hadiza ta ajiye ƙwaryar fura ta durƙusa. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Inna." Ya juya yana share ido da hannun riga, wai ƙasa ce ta faɗa masa.

Bayan an sauko daga masallaci na yi sallama. Na tako zuwa Safo, na sami kabu-kabu, ƙarfe biyar saura minti goma na shiga gida a Maraɗi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya. Na gode wa Bulus da jakinsa, da abokina da mai ɗakinsa, da Malam Nomau da ya sa ni a aji ban shirya ba. Da zan taho na tsaya a bakin gamana na ɗaga murya ina yi wa Kaka sai wata rana. Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ka gaida gida, maigida. Matsa, ka taka mani layi."